Hulunan Mazan Jiya a Tukunyar Sauda

Wa ya aike ka leƙen tagar mutane, Abdurazak? An tura ka lakkwal karatu, ka ɓuge da leƙe-leƙe a ɗakin mazan jiya, sannan ka zo ka tsaya mini a ka kana tambaya wai ko sojan da ƙananan kawuna gare su. Kakanka Attaher, wanda hularshi ke rataye can, kanshi ya yi biyun naka, kuma akwai abu a cikinshi. Ke Farida, rufe bakinki, ba abin dariya na faɗa ba. Tun da kun tambayi abin da ba ruwanku, ku zauna ku ji. Wanda ya katse ni, gobe shi kaɗai zai cika randunan gidan nan.

Ɗakin nan ba gwamnati ta gina shi ba. Mazan da Nasara ya kwasa zuwa yaƙoƙinshi, wasu Indoshin, wasu Aljeriya, da sunka dawo Tawa ba su da wurin zama sai gindin wata aduwa kusa da tashar mota. Nan suke haɗuwa suna gardamar wa ya fi shan sanyi a jirgin ruwa. Rannan guguwar farkon damina ta fizge hular wani sarjan ta jefa a kwata, yara na kallo. Sunka ce wulaƙancin ya isa, ɗaki za su gina. Kowa ya koma garinsu, ya buga tubali da ƙasar gonar ubanshi, ya ɗoro a jaki. Ta Barmu ja ce, ta Takanamat fara-fara mai tsakuwa, ta Afala kamar hanta. Shi ya sa ba a taɓa yaɓe bangon ta ciki ba, kowa na son in ya zauna ya ga ƙasar garinsu. Kuma tun tubalin na ɗanye, kowane mutum ya kafa ɗan icce a cikin nashi. Maratayi ke nan.

Muddin mutum na da rai, maratayinshi na nan wayam. Ran da ya cika, sai a kawo jar dararshi ta soja a rataye. Ba a rubuta suna, matarshi ta san wurin, ɗiyanshi sun sani. Sau ɗaya a shekara, ranar taron mazan jiya, mu matan da anka bari muke shiga, kowace ta sauke ta mijinta, ta kakkaɓe da tafin hannu, ta sa sabon ganyen bedi, wato dogon yaro, a ciki saboda asu, ta mayar. Ruwa bai taɓa taɓa su ba, don na gashin tumaki ne, ko ɗiyar goye ta san abin da ruwan zafi ke yi wa gashin tumaki.

Kowa ya sani, ban da Sabo.

Kun san shi, mai facin taya, wanda gidanshi ke jingine da katangar ɗakin. Abin da ya haɗa Sabo da soja shi ne ƙofar bariki, inda ya yi shekaru yana liƙe musu tayoyin keke da na babur. Amma in ka ji shi a teburin mai shayi, sai ka rantse ba a taɓa harba bindiga a ƙasar nan ba tare da an yi shawara da shi ba. Ya sayi rigar kaki a gwanjo da wata jar hula mai tuntu, yana tafiya yana buga ƙafa, yana sara wa kowa, har jakin mai ruwa. Tabon da ke gwiwar hannunshi, wanda duk unguwa ta san ƙarfen cire taya ne ya yi mishi, shi cewa yake harsashi ne. Anka sa mishi Janaral don tsiya, ya karɓa da hannu biyu.

Abu guda Sabo yake so a duniya, ya fi son shi da tuwo: maratayi a bangon nan. Yana son ran da ya mutu a rataye hularshi cikin na maza, matarshi Sauda ta riƙa shiga da ganyen bedi tare da mu. Ya sha roƙon Ajidan Muktari, tsohon sojan da ke riƙe da mabuɗin ɗakin, wanda shi kaɗai ya rage cikin waɗanda sunka aza tubalin farko.

"Wane yaƙi ka yi?" in ji Ajidan.

"Baba Ajidan, ai ba kowane yaƙi ake faɗa ba. Akwai na asiri."

"To, ka nemi maratayi na asiri."

A shekarar da nake ba ku labari, anka ce wani Kanal mai ritaya zai taso tun daga Yamai ya halarci taron. Ana cikin haka sai auren jikar Ajidan ya taso a Afala, dole ya tafi, ba zai dawo ba sai safiyar taron. Sauran tsoffin sojan duk suna fadama wajen albasarsu. Ajidan ya duba gabas ya duba yamma, bai ga wanda ya fi Sabo kusa da ƙofar ba. Ya miƙa mishi mabuɗi, ya ce ya share ƙasa, ya ba bedin ƙofa ruwa, kuma kada ya taɓa duk abin da ya wuce kafaɗarshi.

Motar Afala ba ta gama fita gari ba Sabo ya rataya mabuɗin a wuya, bisa riga, inda kowa zai gani. Ya shaida wa mutanen teburin shayi cewa an damƙa mishi runduna. Ya ce Kanal mutumin Yamai ne, ya saba da ofis masu walƙiya, ba za a kai shi ɗaki mai bango kamar zanen da anka yi wa faci ba. In ya shigo ya ga wuri fari tas, zai tambayi wa ya yi wanga aiki, a ce Sabo, shi ke nan, da hannunshi zai kafa mishi maratayi, wataƙila har da lambar girma. Ɗanlami mahauci ya tuna mishi maganar kafaɗa. Sabo ya ce ya riga ya yi tunanin wannan. Ya shiga gida ya ɗauko turmin Sauda, ya kifa shi a tsakar ɗakin, ya hau. Daga nan, in ji shi, babu abin da ya wuce kafaɗarshi sai azara.

Ya toshe taga da tabarma, ya sauke hulunan nan kaf, ya zuba a buhun albasa. Sauda ta leƙo neman turminta, ta ga buhu, ta ga bango wayam, ta tambaye shi yadda zai gane wacce ce ta wa. Ya ƙwanƙwasa goshinshi da yatsa, ya ce komai na nan a zane, soja kallo ɗaya yake wa fili ya haddace. Ta ce ita dai tun da ta aure shi ba ta ga abin da ya zauna a kan nan ba in ba hula ba.

Da ya tsaya ya dubi maratayan, sai ranshi ya ɓaci. Wani sama, wani ƙasa, wani a karkace, kamar haƙoran tsohuwa. Ya ce ba a san soja da haka ba, soja layi yake bi. Ya hau girgiza su yana zarewa, wasu sunka fito da sauƙi, wasu da rabin tubali. Ya cike ramukan da laka daga bayan gida. Sannan ya kwaɓa farar ƙasa ya fara shafe bango. Bai kai rabi ba ta ƙare. Ya ce ba komai, fari dai fari ne, ya kwashe tokar murhun Sauda ya ƙara, ya tsuga ruwa, ya lafta wa bangon da kauri bisa ƙurar shekara da shekaru. Ƙasar Barmu ta ɓace, ta Takanamat ta ɓace, ta Afala ta ɓace. Ya ɗaura zare daga kusurwa zuwa kusurwa, ya huda sababbin ramuka a jere, ya soka maratayan, ya danne gindinsu da ɗanyar laka. Ya ja da baya, ya sara wa bangon.

Sai ya zazzage buhu. Hulunan da ke da kyau a jikin jan bango, yanzu kusa da farin sai sunka zama kamar an tono su. Ga kuma warin albasa ya kama su. Sabo ya ce Kanal bai taso daga Yamai don ya shaƙi albasa ba. Wanki za a yi.

Sauda awara take yi ta sayarwa, tana da wata babbar tukunya da take dafa ruwan waken a ciki, wadda ko uwarta ba ta ba aro. Sabo ya roƙa, ta hana. Ya jira ta tafi kasuwa sayen wake, ya ɗora tukunyar a wuta. Ya ce ruwan sanyi wankin farar hula ne, shi da idonshi ya ga yadda ake tafasa kayan soja a bariki. Ya zuba garin sabulu, ya ƙara kanwa don ta ji, ya juye hulunan. Ya hango farar rigar Ajidan ta ranar taro a rataye bayan ƙofa, ya ce ita ma ta yi ƙura, ya cire lambobin ya jefa ta. Daga ƙarshe ya tuɓe tashi hular ta gwanjo ya saka, wai don ta saba da 'yan uwanta. Ya ɗauki muciya yana tuƙawa yana waƙar maci.

Haka Sauda ta tarar da shi. Ta ajiye kayanta, ta leƙa tukunya, ruwa ja wur yana tafarfasa.

"Malam, miyar me kake yi?"

"Aikin soja ne, ba za ki gane ba."

Ya sa muciya ya ɗago hula ɗaya don ya nuna mata yadda ta fita. Abin da ya fito bai fi bakin ludayi ba. Ya mayar da sauri, ya ɗago wata, ta fi ta farko ƙanƙanta. Sauda ta ce ko sun haihu ne a ciki, waɗannan ɗiyan ne, iyayen na ƙasa. Sabo ya share zufa ya ce kayan soja haka suke, in sun ji zafi sai su ƙame, in sun huce za su saki jiki. Sunka huce. Ba su saki komai ba. Rigar Ajidan kuwa ta fito kamar cikin kankana.

Washegari awarar Sauda ta fito ja-ja, don ta wanke tukunyar har hannunta ya yi kanta, rinin bai fita ba. Masu saye sunka tsaya suna kallon tire. Sabo ya fito yana gaya musu ai yanzu a Yamai irin wagga ake yayi, manya ke cin ta. Wata mata ta ce to a kai wa manyan. Sauda ta biyo shi da matsamin suya har bakin titi, ranar kajin unguwa ne sunka ci awara.

Za ku ce me ya hana a gaya muna. Ni ina Barmu wajen suna, da ina gari da ba a kai ga tukunya ba. Raƙiya, matar marigayi Sarjan Sule, wadda ita ce babbarmu, idonta ya yi rauni, ba ta fita sai da dalili. Maƙwabta kuwa kowa ya ja bakinshi, wasu don tsoron sandar Raƙiya, wasu don suna son ganin inda abin zai tsaya.

Sabo ya ce abin da ya tsuke ai buɗa shi ake. Ya aro kabewa wajen mai kayan miya, ya jiƙa hulunan, ya cusa wa kowace kabewa ɗaya, ya jera a bisa soron gidanshi su sha rana. Daga nesa in ka hango, sai ka ce majalisar gajeru ce. Ya manta katangar da ke tsakaninshi da Ɗanlami ta zube ta gefe guda. Kafin azahar awakin mahauci sun hau sun kama cin majalisar. Sabo ya ji kabewa na gangarowa, ya fito, ya ga wani bunsuru ya diro da hula a baki ya miƙe titi. Ya bi shi yana ba shi umarni da Faransancin ƙofar bariki, ya tsaya, ya juya dama, ya ajiye makami. Bunsuru ya bi ta tashar mota, ya ratsa masu sayar da gawayi, ya shiga ƙarƙashin wata amalanke. Da ƙyar anka ƙwato hular. Tuntun kam ya riga ya wuce.

Da kabewa ta ƙi, sai ya ce ai kan mutum anka yi wa hula, kan mutum ne zai buɗa ta. A unguwarmu babu mai kan Ɗanlami. Sabo ya lallashe shi da cewa zai zaunar da shi kusa da Kanal ranar taro. Ɗanlami ya zauna a benci, Sabo ya jiƙa hula, ya shafa mata sabulu, ya kawo ƙarafan cire taya guda biyu, ya sa ta a kan mahauci daidai yadda yake sa taya a gargare. Ta shiga. Ya ce ya koma bakin sana'arshi, kada ya cire sai ta bushe.

Ɗanlami ya koma tukubarshi cikin rana. Rini ya fara gangarowa ta goshi, ta bayan kunne, ya sauko gemu. Ku duba mini, ƙato da wuƙa a hannu, ja na zuba daga kanshi. Matar farko da ta zo sayen nama ta yar da kwano ta ruga. Kafin a ce me, labari ya kai gidansu wai an sare Ɗanlami. Tsohuwarshi ta fito ba mayafi tana kiran sunan duk wanda take zargi, har da surukinta da ya rasu bara. Shi kuma Ɗanlami ba ya jin kowa, don hular ta bushe ta kama kanshi, idanunshi sun firfito, yana cewa a kira mishi Janaral ko a kira mishi liman. Sabo ya zo da ƙarafanshi da ruwan sabulu. Hular ta fita da ƙara kamar an buɗe kwalba, ta tafi da gashi, ta faɗi ƙasa, kuma a gaban idon kowa ta koma yadda take. Zoben da ta bari a goshin Ɗanlami har ranar taro yana nan.

Nan Sabo ya yanke shawarar cewa ƙanƙantar ba aibi ba ce. In duk sun zama ɗaya, kuma suna can sama, wa zai lura? Ya jera su bisa girma, 'yan mitsi-mitsin a layin ƙasa, masu ɗan dama a sama. Tashi kuwa, da yake zaren roba ce, ko gezau ba ta yi ba, tana nan ƙatuwa, ja jawur. Ya juya ta a hannu, ya dubi bango. Ya san sarai ba a rataye hular mai rai. Amma ya ce a ranshi soja kama wuri yake tukuna, magana ta biyo baya. Ya zaɓi tsakiyar layin sama, ya kafa wani dogon maratayi da guduma har ya nutse, ya rataye ta bisa kan kowa.

Safiyar taro na dawo daga Barmu, na tsinki ganyen bedina, na bi sauran mata. Motar Afala ta makara, Ajidan ya sauko ana ta jiranshi. Sabo ya tare shi a bakin ƙofa da riga a hannu, lambobi a maƙale, ya zura mishi ita da sauri daga baya kamar mai yi wa yaro shirin idi. Ajidan ya fito gaban jama'a. Tari ya kama tsoffin soja gaba ɗaya. Tsohon ya ɗaga hannun rigar kusa da idonshi, ya daɗe yana kallo. Ya ɓalla maɓallan har wuya, ya miƙe ƙirji, ya je ya tarbi Kanal.

Sabo ya tsaya a ƙofa da mabuɗi, ya ce kafin a shiga yana da jawabi. Ya ce abin da anka kasa yi tun zamanin Nasara, shi ya yi shi kafin kabewa ta ruɓe. Ya ce ba ya neman yabo, amma in manya sun ga ya dace, ya san inda za a saka mishi. Ya buɗe ƙofa, ya janye tabarmar taga.

Munka shiga. Munka tsaya muna kallon farin bango.

Raƙiya ta saki hannun da ke jagorarta, ta nufi hagun taga, inda jan tubalin Barmu yake tun tana amarya. Ta shafa bango, ta shafa sama, ta shafa ƙasa. Fari ya manne mata a tafi.

"Ina mijina?"

Ko Ɗanlami da ya zo don dariya sai da ya sunkuyar da kai. Sabo ya nuna wata 'yar hula can gefe, ya ce ga shi nan, Inna, an ɗan matsar da shi ne, an yi mishi ƙarin girma. Kanal kuwa, mutum mai kunya, ya sa tabarau ya bi layin da kallo, ya tambayi Ajidan a hankali ko a wancan zamanin har yara ake ɗauka soja.

Sabo ya ga abin na neman kuɓuce mishi, ya ce bari ya tuna wa kowa wane ne shi. Ya matsa jikin bango, ya ja numfashi, ya ba kanshi umarni, ya ɗaga ƙafa ya buga ta a ƙasa da duk ƙarfin da Allah ya ba shi, hannu a goshi.

Maratayi ɗaya ya faɗo. Sai na kusa da shi. Sai layin ƙasa gaba ɗaya, sai na bisa, hulunan na zubowa suna gangarawa tsakanin ƙafafun mutane kamar an kifar da tiren tumatir, wasu har waje. Farar ƙasar da toka ta ɓamɓaro falle-falle, ta sauka a kafaɗun Kanal, ta rufe Sabo daga kai har takalmi. Yana nan ƙame da hannu a goshi, ido kawai ke motsi. Da ƙura ta lafa, hula ɗaya tak ta rage a bango, ƙatuwar nan ta tsakiya.

Amma inda farin ya zube, sai ga ƙasarmu ta leƙo. Ga ja, ga mai tsakuwa, ga mai kamar hanta, kuma kowane tsohon rami da baƙar lakar da Sabo ya cusa, ya fito kamar ido. Kowace mace ta nufi tubalinta. Munka tattara hulunan a zane, munka zauna a ƙasa muna juya su. Ni na gane ta kakanku da layar da na ɗinke a ciki da baƙin zare ran da anka ce za a sake kiran su. Wata ta gane tata da ƙunar taba. Raƙiya ta shafa ɗaya bayan ɗaya har yatsanta ya faɗa wani ɗinki da ta sani, ta riƙe ta a tafin hannu kamar ɗan tsako. Ta tambayi ina tuntun. Ɗanlami ya ce bunsurunshi ne, amma ba da saninshi ba. Ta ce hular nan ta je Indoshin ta dawo da tuntunta, sai a Tawa, a hannun mai faci, anka ci ta da yaƙi.

Kowace ta samu tata. Ajidan ya ɗaga sandarshi ya nuna wadda ta rage.

"Waccan fa, ta wace ce a cikinku?"

Kowace ta ɗaga tata. Sabo ya sauke hannu, ya tofar da toka.

"Ni ke da ita, Baba Ajidan. Wuri kawai na kama."

Tsohon ya gyara wuyan rigarshi mai ruwan kankana. Ya ce tun ran da anka aza tubalin farko, ba a taɓa rataye hular mai rai a ɗakin nan ba, kuma ba a kanshi za a fara ba. Tun da ga ta a rataye, to mai ita ya riga mu gidan gaskiya. Ya juya ya nemi Sauda a cikin mata.

"Sauda, ya haƙuri?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. "Da godiya, Baba."

"Ciwon me ya yi?"

"Bakinshi ne, Baba. Ya daɗe yana fama."

"Allah ya jiƙan shi."

Ɗakin gaba ɗaya ya ce amin. Kanal ya kakkaɓe kafaɗa, ya tuɓe hularshi, ya je gaban Sauda ya yi mata gaisuwa yadda ake yi wa matar soja. Sabo ya ce ga shi nan fa tsaye, da ranshi, a taɓa shi a ji. Ajidan ya karkata kunne ya tambayi Kanal ko ya ji wani motsi. Kanal ya ce wataƙila ƙadangare ne a azara. Sai tsohon ya miƙa hannu ya zare mabuɗin daga wuyan Sabo, ya ce ba a binne mutum da kayan jama'a.

Mu kam ba mu yarda mutuwa ta hana shi aiki ba. Da cokali ya kankare sauran farin nan, tubali bayan tubali, Raƙiya na zaune a turmin Sauda da sandarta tana nuna mishi inda kowane maratayi zai koma. Tukunya kuwa da yashi ya goge ta har ya ga fuskarshi a ciki. Hulunan dai ba su dawo ba, haka munka rataye su, don ƙanƙanta ba ta hana su zama na mazanmu. Ajidan bai yarda an ɗinka mishi wata riga ba, da ita ya riƙa fita taro har Allah ya karɓi abinshi. In ka leƙa da kyau, manyan huluna biyu za ka gani: ta Ajidan, da ta Sabo.

Eh, tana nan, ba wanda ya sauke ta. Maratayi yake so, ya samu. Duk shekara Sauda na shiga tare da mu da ganyen bedinta, shi kuma yana waje yana tsaron takalmanmu, don wanda hularshi ke bango ba ya shiga da ƙafarshi. Sunan Janaral ya bi ruwa, yanzu Marigayi ake ce mishi. Kuna tsammani ya yi shiru? Jiya-jiyan nan na wuce teburin mai shayi, na ji shi yana gaya wa wani baƙo cewa duk faɗin ƙasarmu ta Adar shi kaɗai ne ya halarci ta'aziyyar kanshi, kuma Kanal guda ya taso tun daga Yamai dominta.

Kai kuma Abdurazak, in ka kai mishi kekenka faci, Baba Sabo za ka ce, kada in ji wancan sunan a bakinka, na manya ne. To, ku tashi. Farida, kwashe kwanonin nan, ƙanwarku Fa'iza ta yi barci a kan ƙafata tun wajen bunsuru, ku ɗauke ta. Kowa ya nufi shimfiɗarshi, kuma kada in ji ko tari.